Yadda injiniya zai ja ragamar sabon kamfanin fasaha kafin birni ya karɓi babbar gasar ƙwallo

Idan aka ba birni baƙuncin babbar gasa, kuɗi da hankalin hukuma kan tafi cikin filin wasa: ciyawa, fitilu, kujeru, ɗakunan canza kaya. Wahalar ɗan kallo kuwa yawanci a waje take, tsakanin inda ya sauka daga mota da ƙofar da zai nuna tikitinsa. A nan ake samun turmutsitsi, ƙishirwa, shara da ɗaukewar sabis na waya, kuma a nan ne ƙananan kamfanonin fasaha na matasa za su iya yin abin a zo a gani. Shi ya sa masu shirya gasa suke haɗa irin waɗannan kamfanoni da gogaggun injiniyoyi domin su yi musu jagora. Katar ta yi haka tun 2015, lokacin da kwamitin shirya gasar cin kofin duniya ta 2022 ya ƙaddamar da shirin Challenge 22 don masu ƙirƙira daga ƙasashen Larabawa, inda waɗanda suka yi nasara ke samun kuɗi da masu yi musu jagora. Shekara bakwai ke nan kafin a busa usur na farko.

Wannan bayani na injiniyan da aka danƙa wa irin wannan amana ne. Za mu ɗauki gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kamaru daga 9 ga Janairu zuwa 6 ga Fabrairun 2022 a matsayin abin lissafi, domin turmutsitsin da ya faru a filin Olembe na Yawunde ya nuna inda aiki yake, kuma Kenya da Yuganda da Tanzaniya da za su karɓi gasar 2027 irin tambayoyin ne ke gabansu.

Ka raba su da abin da ba za a bari su taɓa ba

Matasa kan zo da babban buri: manhaja ɗaya da za ta sayar da tikiti, ta nuna hanya, ta kira mota, ta kawo abinci, ta fassara harsuna. Aikinka na farko shi ne ka zaunar da su ka zana musu da'ira biyu a takarda. Ta ciki ita ce filin wasa da shingensa, kuma a lokacin gasa tana hannun masu gasar ne, wato hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ko ta duniya, FIFA, tare da kamfanonin da suka riga suka yi kwangila da su. Sayar da tikiti, tallace-tallace, watsa wasa, har da sunan gasar da tambarinta, duk da masu su. Sabon kamfanin da ya manna tambarin gasa a manhajarsa ba da izini ba, takardar lauya ce za ta biyo baya. Da'ira ta waje, wato tituna, tashoshin mota, wuraren kallon wasa a majigi, magudanan ruwa da kwashe shara, tana hannun hukumomin birni. A can ne ƙofa take a buɗe.

Daga nan sai tambaya guda wadda ba a wuce ta sai an amsa: wane ne mai wannan matsala? Ba a neman sunan ma'aikata, ana neman jami'in da idan abu ya lalace ranar wasa shi za a kira a tuhuma, kuma yana da ikon sa hannu. Yana iya zama shugaban sashen kula da zirga-zirga, ko jami'in tsaron lafiyar filin wasa, ko mai kula da kwashe shara na shiyyar. Idan wata biyu ya wuce kamfanin bai samu ya zauna da wannan mutum ba, ka shawarce su su sauya matsala. Abin da ba shi da mai karɓa, komai kyansa, a kwamfutar masu shi zai ƙare.

Idan an same shi, a rubuta matsalar a jimla ɗaya mai ɗauke da adadi. "Rage cunkoso" ba matsala ba ce da injiniya zai iya aiki a kanta. "A sanar da ɗakin sa-ido cikin minti ɗaya idan mutane suka haura huɗu a kowace murabba'in mita a gaban ƙofar kudu" ita ce matsala, don ana iya gwadawa a ce an yi ko ba a yi ba.

Lissafin ƙofa

A nan ya kamata a fi daɗewa, saboda a nan rai yake salwanta. Ranar 24 ga Janairun 2022, kafin a kammala shiga kallon wasan Kamaru da Komoros, mutum 8 suka rasu, 38 suka jikkata a turmutsitsin da ya auku a mashigar kudu ta filin Olembe. Filin na ɗaukar mutum 60,000, amma saboda korona an taƙaita wasannin mai masaukin baƙi zuwa kashi 80 cikin 100, wato 48,000, kuma an ɗora wa 'yan kallo sharaɗin nuna shaidar rigakafi da ta gwaji bayan tikiti. Shugaban CAF, Patrice Motsepe, ya bayyana daga baya cewa akwai ƙofar da ya kamata a ce a buɗe take amma aka same ta a rufe. Wasan kusa da kusa da na ƙarshe da aka tsara yi a can sai aka mayar da shi filin Ahmadou Ahidjo.

Ka sa matasan su yi wannan lissafi da hannunsu, da biro da takarda, kafin su rubuta ko layi ɗaya na manhaja. Ƙa'idar tsaron filayen wasa ta Birtaniya, wadda ƙasashe da dama ke aro, ta ƙayyade cewa ƙofa mai juyawa guda, irin mai shigar da mutum ɗaya-ɗaya, kada a ɗora mata fiye da mutum 660 a awa. Mutum 11 ke nan a minti, kusan daƙiƙa biyar da rabi ga kowane. Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa kashi 60 cikin 100 na mutum 48,000 za su iso a awa ta ƙarshe. Mutum 28,800 ke nan, kuma suna bukatar ƙofofi 44 masu aiki ba tsayawa.

Yanzu a ƙara wani abu kaɗan. A ce na'urar duba tikiti sai ta tambayi intanet kafin ta amsa, ko mai gadi sai ya duba wata takarda ta biyu, har kowane mutum ya ci daƙiƙa 9. Ƙofa ɗaya ta koma mutum 400 a awa. Ƙofofi 44 za su shigar da 17,600, saura 11,200 a waje daidai lokacin da suke jin ihun an fara wasa. Ko a tsaye suke mutum huɗu a murabba'in mita, sai an ba su fili mai murabba'in mita 2,800, kuma ba kowace mashiga ke da wannan fili ba. Daƙiƙa uku da rabi ce ta haifar da duk wannan. Idan matasan suka ga adadin da idonsu, kai ba sai ka sake yi musu wa'azi kan sauri ba.

Adadin kashi 60 ɗin nan kada a ɗauke shi a matsayin gaskiya. A je a auna. A wasannin gasar cikin gida a filin da za a yi amfani da shi, a tsayar da mutum biyu a kowace mashiga, kowa da abin ƙirga na hannu, su rubuta adadin waɗanda suka iso da waɗanda suka shiga duk bayan minti biyar, tun awa uku kafin wasa har minti 20 bayan an fara. Wasa uku zuwa huɗu sun isa a ga yadda mutanen garin ke zuwa kallo. Za a kuma ga abin da taswira ba ta nunawa: ƙofar da kowa ke tururuwa gare ta don ita ce kusa da inda motoci ke sauke fasinja, alhali wata tana can gefe ba kowa. Abin da ya faru a Paris ranar 28 ga Mayun 2022, a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai tsakanin Liverpool da Real Madrid, irin wannan ne: yajin aiki a wani layin jirgin ƙasa ya karkatar da dubban mutane zuwa wata tasha, suka taru a hanya ƙunƙunta da wurin bincike da ba a tanada don yawansu ba, aka jinkirta wasa da minti 36.

Ƙunci tsakanin mutane shi ma yana da ma'auni. Mutum biyu a murabba'in mita suna tafiya a sake. A huɗu tafiya ta zama jan ƙafa. Daga biyar zuwa shida mutum ba shi ke iko da jikinsa ba, taron ne ke kai shi inda ya so, kuma numfashi na iya gagara ko a tsaye. Don haka ƙararrawa ta kaɗa tun a huɗu. Wanda ya jira shida ya makara.

Idan kamfanin kyamara yake son amfani da ita wajen ƙirga mutane, ga abin da za ka tsaya a kai. A ɗaura kyamarar a sama, mita huɗu zuwa shida, tana kallon ƙasa-ƙasa yadda za ta ga kawuna, domin idan ta kwanta mutanen gaba suna rufe na baya. A shata fili sananne a ƙasa, misali mita biyar-biyar, a ɗauki hoto, mutum uku su ƙirga kawunan daban-daban, sannan a gwada da abin da manhajar ta bayar. Kuskuren da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba ana iya aiki da shi. Amma ka lura da ɓangaren da kuskuren ya karkata. Yawancin irin wannan manhaja tana ƙirga daidai idan mutane sun yi tsilla-tsilla, sai ta riƙa rage adadi idan suka cakuɗe, wato daidai lokacin da ake bukatarta take yin ƙarya, kuma ƙaryar mai kwantar da hankali ce. Tutoci, lema, manyan huluna da hasken fitila da dare duk suna ƙara dagula ta. Ka nemi a gwada ta a taro mafi cunkoso da za a iya samu, da rana da kuma bayan magariba. Akwatin kyamarar ya zama mai hana ruwa da ƙura shiga, aƙalla matakin IP65.

Sannan tambayar da matasa ke yawan mantawa: idan ƙararrawa ta kaɗa, wa zai gani, me zai yi? Jan launi a allon kwamfuta bai taɓa buɗe ƙofa ba. Dole a rubuta tare da jami'in tsaron filin cewa idan mashiga kaza ta kai huɗu, wane zai kira wane a rediyon oba-oba, a tsayar da masu tahowa a shingen waje, a karkatar da su zuwa mashiga kaza da lasifika. Kamfanin labari yake kawowa. Umarnin buɗe ƙofa ko rufewa na jami'in tsaro ne shi kaɗai, kuma ka tabbata hakan na cikin takardar yarjejeniya, don kare 'yan kallo da kuma kare matasan.

Ku ɗauka babu sabis, babu wuta

Duk abin da aka gwada a ofis da intanet mai kyau, ba a gwada shi ba. Turakun kamfanonin waya da ke unguwar filin wasa an kafa su ne don mazauna unguwar. Ranar wasa mutum dubu arba'in da wani abu za su taru a wuri ɗaya, kowa na tura hoto da bidiyo, sai ka ga alamar sabis cike amma saƙo ya ƙi tafiya. Kamfanonin kan kawo turaku na wucin gadi, amma kada a gina aiki bisa fatan za su isa.

Ƙa'idar ita ce komai ya yi aiki a wurin ko da an yanke intanet gaba ɗaya. Idan aikin kamfanin tantance masu tikiti ne a shingen waje, bisa izinin masu gasa, a sauke jerin tikitin a cikin kowace na'ura tun safe. Tikiti 48,000, kowane da bayanin da bai wuce haruffa 100 ba, bai kai megabait 5 ba, kowace waya za ta ɗauka. Matsalar da ke biyo baya ita ce tikitin da aka ɗauki hotonsa aka tura wa mutum goma. Maganinta a ɗaure kowane tikiti da mashiga guda, a kuma haɗa na'urorin wannan mashiga da junansu ta ƙaramar hanyar sadarwa ta cikin gida, ta waya ko ta iska, yadda da zarar ɗaya ta karɓi tikiti sauran za su sani. Lambar QR, wato zanen nan mai kusurwa huɗu da na'ura ke karantawa a jikin tikiti, ta zama mai girma, bayanin cikinta kaɗan, domin za a karanta ta ne a fuskar waya mai tsagewa, cikin rana, a hannun mutumin da ake turewa ta baya. Kyamarori kuma a haɗa su da waya in da hali, a yi ƙirgar a ƙaramar kwamfuta a nan wurin, adadi kawai za a tura ɗakin sa-ido. Adadi ko ta saƙon tes zai iya tafiya, bidiyo kuwa ba zai tafi ba.

Wuta ma a lissafa ta. Ɗauki mashiga mai wayoyin duba tikiti 12 da ke caji a kan wat 10 kowace, na'urar rarraba sadarwa mai wat 15, kyamarori huɗu masu wat 12, da kwamfuta mai wat 60. Jimla wat 243, a ce 250. Awa takwas na aiki, wat-awa 2,000 ke nan. Inbata na cin kusan kashi 15 cikin 100, sai bukata ta koma wajen 2,350. Idan batirin litiyam ne da ake sha kashi 80 na cikinsa, a nemi mai kilowat-awa 3. Idan batirin gubar dalma ne irin na da, wanda ba a so a sauke shi ƙasa da rabi, sai guda biyu masu bolt 12 da amfiya-awa 200. Janareta na iya kasancewa, amma ya zama mai cika batir ne, kada na'urori su rataya a kansa kai tsaye, don daƙiƙun da ake ɓatawa wajen sauya layi sun isa su kashe kwamfuta, kuma kafin ta farka layi ya taru.

Zafi wani abokin gaba ne da ba a cika sa shi a lissafi ba. Yawancin wayoyin hannu an ƙera su su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Wayar da ke caji, fuskarta a cike da haske, kyamararta a kunne, a cikin rana, za ta rage gudu ko ta kashe kanta. A gari irin Garwa, wanda filinsa na Roumdé Adjia ya karɓi wasanni a 2022, ko Kano da Yamai a watan Afrilu, wannan ba zato ba ne. A yi wa masu duba tikiti rumfa, a cire rigunan wayoyin, a ajiye na'urorin canji kashi ɗaya cikin biyar a inuwa. Kuma a kowace mashiga a ajiye tsarin takarda: jerin lambobi a buge, biro, da abin ɗaurawa a hannu. A koya wa ma'aikata komawa kansa cikin minti biyu.

Fita da komawa gida

Shiga a hankali take zuwa, fita kuwa lokaci ɗaya ce. Ƙa'idar Birtaniyar nan ta ba da mutum 82 a minti ga kowace mita ta faɗin hanya idan shimfiɗaɗɗiya ce, 66 idan matakala ce. Titi mai faɗin mita 6 zai fitar da mutum 492 a minti, don haka mutum 20,000 za su wuce cikin kusan minti 41. Masu tsire da masu sayar da riguna suka cinye mita biyu, ya koma minti 61. Korarsu ba dabara ba ce, gobe za su dawo, kuma abincinsu suke nema. A shata musu wuri a gefen da hanya ta buɗe, nesa da maƙura, a yi da shugabanninsu.

Masu manhajar sufuri kan ɗauka matsalar ita ce mutum ya san inda bas yake. Sau da yawa matsalar wurin lodi ce. A ce mutum 12,000 za a kwasa da bas mai cin 70, sawu 172 ke nan. Idan zuwa da dawowa minti 50 ne, kuma ana son a gama cikin minti 100, kowane bas sawu biyu zai yi, ana bukatar 86. To amma cika bas ɗaya na cin kamar minti huɗu, wato gurbin lodi guda bas 25 kawai zai sallama a wannan lokaci. Sai an samu gurabe bakwai suna lodi tare, kowane da layinsa da shingensa. Ko bas dubu aka kawo, in gurbi biyu ne, mutane za su kai tsakar dare a tsaye. A nan ƙaramin kamfani zai iya yin aiki mai amfani da kayan da ba su da tsada: ƙirga masu jira a kowane layi, da kiran bas daga wurin ajiya ɗaya bayan ɗaya don kada su toshe wa juna hanya.

Kada a manta da 'yan acaɓa da masu adaidaita sahu, waɗanda a Gabashin Afirka ake kira boda-boda da tuk-tuk. A biranen Afirka da dama su ne ke ɗaukar kaso mai yawa na 'yan kallo. Duk tsarin da bai zauna da ƙungiyoyinsu ya ware musu wurin saukewa da ɗauka ba, za su zaɓi wurin da kansu, kuma bakin ƙofa za su zaɓa.

Ruwan sha da shara lissafinsu ya fi sauƙi. A ƙiyasta lita nawa mutum zai sha a awannin da zai yi a wurin, a ninka da yawan jama'a, sannan a duba famfo nawa za su iya bayarwa a lokacin hutun rabin lokaci, don a nan ake rububi. Na'urar da ke sanar da cewa kwandon shara ya cika ba ta da amfani idan motar kwasa ba za ta iya ratsa taro ba. Ya fi kyau a ƙara yawan kwanduna masu lita 240, a kwashe kafin a buɗe ƙofa da kuma lokacin da ake wasa, sa'ad da tituna suka yi sarari. In gasar ta faɗo a damina, a bi magudanan ruwan hanyoyin shiga a yashe su, don leda da robar ruwa na wasa ɗaya sun isa su toshe kwalbati.

Tsarin lokaci

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar buɗe gasa ba ta matsawa don wani bai shirya ba, saboda haka daga ita ake lissafi zuwa baya. In akwai shekara guda, wata biyun farko na neman mai matsala da aunawa ne. Wata uku na gaba a haɗa samfuri mafi sauƙi da zai yi aikin, da kayan da ake samu a kasuwar garin. Wannan sharaɗi na kasuwar gari ka riƙe shi da ƙarfi: abin da sai an yo odarsa daga waje, in ya ƙone ana saura kwana uku, ko ya maƙale a kwastan, shi ke nan. Wata huɗu na gaba gwaji ne a wasanni na gaske, daga ƙarami zuwa babba. Masu shirya gasa su ma haka suke yi. Kamaru ta karɓi gasar CHAN, ta ƙasashen Afirka da ake bugawa da 'yan wasan cikin gida, a farkon 2021 kafin babbar, Katar ta yi gasar kofin ƙasashen Larabawa a ƙarshen 2021, ƙasashen Gabashin Afirka uku kuma sun yi CHAN a Agustan 2025. Ka yi ƙoƙari kamfanin ya samu shiga irin wannan gasar share fage, don ita ce kaɗai ke kama da ranar gaske.

A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen, kai da kanka ka zare wayar intanet ba tare da ka faɗa musu ba, bayan ka sanar da jami'in tsaro. A wani ka kashe wuta. A wani ka ce babban mai rubuta manhajar ya zauna a gida, a ga ko sauran za su iya. Duk abin da ya karye a rubuta shi, da wanda zai gyara da ranar da zai gama.

Saura mako shida a kulle komai. Ba sabon abu, ba kwaskwarima, sai gyaran kuskuren da zai iya tsayar da aiki. Matasa za su yi ta roƙonka kan wani ɗan ƙari da suka tabbata ba zai ɓata komai ba. Ka ƙi. Makonnin nan na horar da ma'aikata ne da bin takardu: katin shiga na kowane ma'aikaci da kowace mota, wanda akan rufe rajistarsa da wuri, izinin ɗaura kaya a turakun gwamnati, izinin hukumar sadarwa idan za a yi amfani da mitar rediyo. Jirgi maras matuƙi kuwa a cire shi daga tsari tun farko, sai in hukumar jiragen sama da jami'an tsaro sun ba da izini a rubuce, domin a ranakun wasa akan hana shi tashi a kewayen fili.

Bayanan mutane ma akwai doka a kansu. Kenya na da dokar kare bayanai tun 2019, Najeriya ta yi tata a 2023. Hanya mafi aminci ita ce kada a tara abin da ba a bukata. In ƙirga ake so, a ƙirga kawuna a goge hoton, ba ruwan kamfani da gane fuska.

Tsakaninka da su

Zama ɗaya a mako, na awa guda, ya fi zaman yini sau ɗaya a wata. Kowane zama ya fara da adadi: me aka auna a makon nan, me ya nuna. Ka yi tambaya fiye da ba da amsa, kuma kada ka karɓe aikin ka yi musu, ko da ka san za ka fi su sauri, don ranar wasa su ne a bakin ƙofa. Abin da ba fanninka ba ne ka nemo mai shi. Injiniyan lantarki bai sa hannu a kan ƙarfin hasumiyar da za a ɗaura kyamara, sai injiniyan gine-gine ya duba ta, musamman inda iska ke da ƙarfi kuma mutane za su tsaya a ƙarƙashi. Idan kana da hannun jari a kamfanin, ko wata alaƙa da mai sayar musu da kaya, ka faɗa wa masu shirin tun ranar farko.

Maganar kuɗi kada ka ji nauyinta, don ita ce ke kashe irin waɗannan kamfanoni bayan an tashi. Hukumomi kan jinkirta biya, ƙaramin kamfani kuma ba shi da abin da zai riƙe albashi na wata shida. Ka taimaka musu su samu yarjejeniya a rubuce, mai biya kashi-kashi: wani kaso a farko don sayen kaya, wani bayan gwajin da aka amince da shi, saura bayan gasa. A rubuta wa ke da kayan bayan an gama, wa ke da manhajar, wa ke da bayanan. Su kuma guji yin aiki kyauta don a ce sun yi suna.

Gasa wata ɗaya ce, don haka tun kafin a kulle aiki ka sa su nemo wanda zai ci gaba da biya bayan ta: masu filin wasan don wasannin gida, hukumar babbar kasuwa, tashar mota, masu shirya bukukuwa da tarukan addini. Abin da zai buɗe musu waɗannan ƙofofi shi ne rahoton kowane wasa, shafi ɗaya, da za a rubuta cikin awa 24: mutum nawa aka ƙirga a kowace mashiga, sau nawa ƙararrawa ta kaɗa, minti nawa aka ɗauka kafin a ɗauki mataki, me ya lalace kuma na tsawon wane lokaci. Jami'in da ke da matsalar ya sa hannu a kowane, kwafi ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurin kamfanin.